Ta Taɓa Barin Ka a Hanya?

'Yata ta biyu da sikila aka haife ta. Duk wanda ya raini mai wannan ciwo ya san ba ya sallama kafin ya shigo. Yarinya tana tsalle-tsallenta a tsakar gida da rana, kafin a sauke tuwon yamma ta kwanta tana murƙususu, tana cewa ana sara mata ƙashin ƙafa. A lokacin muna haya a Samaru, can ciki ta wajen hanyar Bomo, ina koyarwa a wata firamare. Maigidana yana aiki da masu gina hanya a kudu, sai ƙarshen wata yake leƙo mu, wani watan ma ba ya samun zuwa. Likitan da ya san jikin yarinyar tun tana goye kuwa asibitinsa a Sabon Gari yake. Don haka a shekarun nan rayuwata ta rataya ne a kan titin da ya taso daga Samaru, ya bi ta Palladan da Kwangila, ya shiga Sabon Gari.

Muna da wata tsohuwar mota da maigidan ya bar mini, na koyi tuƙi da ita a filin makaranta. Wata rana da azahar ciwon ya tashi, na kwantar da yarinyar a kujerar baya na kama hanya. Muna isa Palladan motar ta yi tari, ta yi shiru. Na murɗa makulli har yatsuna suka yi zafi, ko motsi. Ƙarshe goya ta na yi, yarinyar da ta riga ta shiga aji biyu, na hau acaɓa. Duk ramin da mai babur ya faɗa sai ta ƙwalla ƙara a cikin kunnena. Har yau in na ji yaro ya yi irin wannan ƙarar a kasuwa sai in tsaya in waiwaya.

Bayan an sallame mu na je wurin masu wayar kuɗi a ƙarƙashin lema, domin a lokacin ba mu kai ga sayen ta hannu ba, na kira maigidan. Ya ce in sayar da motar ko nawa aka taya, in rani ya shigo za mu haɗa abin da muke da shi mu sayi 'yar Kwatano.

"Wace iri?" na tambaye shi.

"Ni ma ban sani ba," in ji shi. "Kada ki saurari dillalai. Ki tambayi waɗanda suke hawa."

Haka na fara. Cocinmu a Sabon Gari yake, kuma in an tashi sujada ran Lahadi motoci ne jere a bakin katanga. Sai in tsaya ina jiran masu su, ina gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Wani dattijon coci na fara tarewa, mai wata shuɗiyar mota ƙirar Faransa.

"Baba, yaya kake jin daɗin motar nan?"

Ya shafa bonet ɗinta kamar mai shafa kan jikansa. "'Yata, tun da na saye ta ko ƙwan fitila ban canza ba."

Na tafi gida da murna, na ce na samu. A taron zumuntar mata na makon na ba matarsa labari. Matar nan ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Shi ya faɗa miki haka? Ran bikin ƙanwata a Kafanchan a gindin mangwaro muka yini, lagireto na tafasa kamar tukunyar ɗanwake. Ki tambaye shi wa ya kai mu gida."

Daga ranar na gane cewa namiji ba ya kushe motarsa a gaban mutane. Wanda yake son ta yana kare ta, wanda ya gaji da ita kuma yana neman mai saye. Sai na daina tambayar yaya mota. Na koma cewa, yaushe rabonka da gareji? Me aka canza? Na baya fa, me ya kai ka? In da hali kuma in zagaya in tambayi matar gida, domin ita ce take tsayawa a rana da yara in abin ya faru, ba ta mantawa. Tambayar da nake ajiyewa sai ƙarshe ita ce, ta taɓa barin ka a hanya? A nan ne mutum yake ɗan yin shiru kafin ya amsa, kuma shirun nan ya fi amsar gaya mini gaskiya.

Na tambayi malaman makarantarmu, na tambayi iyayen yara masu zuwa ɗaukar 'ya'yansu, na tambayi mutanen da ban taɓa gani ba a layin mai, inda kowa ya gaji da zama yana neman abokin hira. Na je har layin masu kayan gyara a kasuwar Sabon Gari, wurin wani Ibo da muke ƙungiyar mawaƙa tare, na ce ya gaya mini kayan wace mota aka fi saye, in guje ta. Ya nuna mini wani tari a lungu. Ina shirin tafiya sai na tsaya, domin irin wannan motar ce ta cika titi, kusan duk tasi ita ce. Na ce masa to ko don ta fi yawa ne ake yawan sayen kayanta? Ya ɗaga kafaɗa.

"Madam, ni ma ban san wannan ba. Ni dai ina sayarwa."

Abin ya fi yadda na zata wuya. Mutum biyu masu mota iri ɗaya, wannan ya ce ita ce rufin asirinsa, wancan ya ce ita ta sa masa hawan jini. Ɗaya a kwalta yake yini, ɗaya kullum yana hanyar gona. Wani yana juye baƙin mai a kan lokaci, wani sai injin ya fara kuka.

Ban kuma yi tunanin abin da labaran nan za su yi mini ba. Na fita neman kwanciyar hankali, sai na riƙa dawowa gida da tsoron da ban fita da shi ba. Wannan birki ya ƙwace masa a gangara. Waccan tana tafiya hayaƙi ya fara fitowa ta ƙarƙashin sitiyari, da ƙyar ta fid da yaranta. Wanda ya fi tsaya mini shi ne wani magidanci a Dogarawa, ɗan'uwan wata abokiyar aikina. Ya amsa duk tambayoyina da fara'a har na zo ta ƙarshe. Sai ya sunkuyar da kai.

"Sau ɗaya," ya ce. "Fambel ne ya tsinke. Abin da bai kai kuɗin kwanon shinkafa ba. Mahaifina yana kwance a baya, za ni asibiti da shi. Kafin wanda na aika ya dawo da sabo, an gama."

Ban iya cin abinci ba ranar. Na koma ko ina cikin aji, in mota ta wuce sai in kasa kunne ina sauraron injinta, ina cewa wannan ba za ta kai Kwangila ba. Ga shi na riga na sayar da tamu, rani kuma da saura, damina ta kankama. Sanyin damina kuwa shi ne babban abokin gabar 'yata.

A unguwarmu motoci biyu ne nake iya roƙa. Ta farko ta mai gidan da muke haya ce, wani Alhaji ɗan kasuwar hatsi da ke zaune a gidan da ke jikin namu. Mutumin kirki ne, 'yata ma 'yar gidana yake ce mata, ba ya dawowa daga tafiya bai riƙo mata dabino ba. Motarsa baƙa ce ƙirar Jamus, doguwa, tana sheƙi. Da na tambaye shi ya ce rabonta da gareji tun kafin azumi, kuma gaskiya ya faɗa. Amma wata rana muna tsinkar zogale da Hajiyarsa ta ce mini, ƙasa-ƙasa, motar nan lafiyarta ƙalau sai dai ba ta son ruwa. In ta taka kududdufi mai ɗan zurfi sai ta mutu, sai an buɗe an goge wayoyin filogi an jira sun bushe. Ta ce ya faru da su a hanyar Giwa, ya sake faruwa a cikin gari.

Ta biyun ta wata tsohuwar shugabar makaranta ce da ta yi ritaya ta koma kiwon kajin ƙwai, Bayarabiya haifaffiyar Sabon Gari, wadda kowa yake ce wa Mama. Gidanta yana can ƙarshen layi, bayan wani fili. Motarta mai dogon baya ce ƙirar Japan, fentinta ya koɗe, ƙofa ɗaya da igiya ake ɗaure ta. In yawan zuwa gareji ne ma'auni, babu wadda ta kai ta lalacewa a duk waɗanda na tambaya. Yau salansa, gobe fitila, jibi marfin baya ya ƙi rufuwa. Amma da na yi mata tambayar ƙarshe ba ta yi shiru ba ko kaɗan.

"Wannan? Ko sau ɗaya. Tana ƙorafi, amma tana kai ni."

Ranar da abin ya faru Asabar ce a cikin watan Agusta. Tun safe ake ruwa, irin mai sauka a hankali ba ya ɗaukewa. Yarinyar ta tashi da ɗan zazzaɓi, na ba ta magani, na dafa ruwan zafi na gasa mata jiki. Wajen la'asar ruwan ya ƙaru, sai ta kira ni.

"Mama, ƙirjina."

Ba ƙafa ba, ba hannu ba. Likita ya sha gaya mini, in dai ƙirji ne kada in jira komai. Na duba ta, numfashinta sama-sama, leɓɓanta sun yi fari, tafin hannunta kamar an wanke shi da toka. Na ce wa yayarta ta zauna da ita, na fita da gudu ko mayafi babu.

Ina buɗe ƙofar gida na ga Alhaji a zaurensa yana kallon ruwa. Fuskata kawai ya gani ya miƙe.

"Malama, 'yar gidana ce? Ɗauko ta, bari in fito da mota."

Ga motar nan a rumfa, taku kaɗan daga inda nake tsaye. Ga mutum da makulli a hannu. Na dubi layinmu, ruwa yana gudu a cikinsa ja wur kamar rafi. Na tuna kwarin da ke kafin Kwangila, inda ruwa yake taruwa duk lokacin da aka yi irin wannan. Na ga kaina a tsakiyarsa, mota a mace, yarinya a baya, babu ko ɗan acaɓa a titi.

"Alhaji, ka yi haƙuri," na ce. "Motarka ba ta son ruwa."

Ya tsaya yana kallona kamar bai ji daidai ba. Ban jira ya yi magana ba, na juya na kama gudu zuwa gidan Mama.

Filin nan ban taɓa sanin yana da faɗi haka ba. Taɓo ya cire mini takalmi ɗaya, na bar shi. Ina gudu zuciyata tana ce mini, kin bar mota a ƙofar gida saboda hirar tsinkar zogale. In Mama ba ta nan fa? In ta tafi kai ƙwai? In babu mai a motar? In kika koma kika tarar yarinyar ta daina numfashi, me za ki ce wa ubanta? Sau biyu na tsaya zan koma, ƙafafuna suka ci gaba da kansu.

Mama tana nan, tana cikin ɗakin kaji da bokiti a hannu. Ban san abin da na faɗa mata ba. Ta ajiye bokitin, ta shiga ta ɗauko makulli, ko zanen aikin ba ta canza ba. Motar ta tashi a murɗawa ta biyu. Tsakanin ta farko da ta biyun nan na ji kamar an zare mini rai.

Muka tsaya a ƙofar gidanmu na ɗauko yarinyar a naɗe cikin bargo. Alhaji yana tsaye a cikin ruwa, shi ya buɗe mana ƙofar baya, ya taimaka na shigar da ƙafafunta. Ni kuwa na kasa kallonsa.

Mama ba mai gudu ba ce ko da rana tsaka, balle a ruwa. Ta manne da sitiyari, hancinta kusan yana taɓa gilashi, domin abin share ruwan na ɓangarenta kaɗai ke aiki, shi ma da ƙyar. Gilashin yana yin hazo, tana gogewa da gefen ɗankwalinta. A bayanmu kiret-kiret na ƙwai suna ta kaɗawa, motar duk warin abincin kaji. Na rungume yarinyar a zaune, domin in ta kwanta numfashin ya fi yi mata wuya. Tana nishi, kowane nishi ina jin sa a ƙirjina.

"Mama, ki ƙara wuta, don Allah," na ce mata.

"In na ƙara za mu kwana a lambatu. Yi addu'a, bar mini tuƙi."

Muka wuce Zango, muka wuce Palladan. Da muka gangaro kwarin sai na ga abin da nake tsoro. Ruwa ya shafe titin gaba ɗaya, ba a ganin inda kwalta ta ƙare. Motoci sun mutu a ciki, wasu an ɗaga bonet, mutane sun naɗe wando suna turi. Wata bas ta 'yan Samaru ta karkace a gefe, fasinjoji suna fitowa ta taga. Wani mutum ya ɗaga mana hannu yana nuna mu koma.

Mama ta tsaya. Ta dubi ruwan, ta waiwayo ta dubi yarinyar.

"Riƙe ta da kyau."

Ta sa giya ɗaya, ta taka totur, injin ya ɗauki kuka, muka shiga. Na ji ruwan yana dukan ƙarƙashin motar, sai ga shi yana shigowa ta ƙasan ƙofar da ake ɗaurewa da igiya, mai sanyi, ya rufe mini idon sawu. Muna tsakiya muryar injin ta canza, ta yi ƙasa, motar ta fara karkarwa. Ta yi tari. Na san wannan tarin. Mama tana cewa, "A'a, a'a, ba yau ba," ni kuma ban da sunan Yesu babu abin da ke fita daga bakina.

A daidai lokacin yarinyar ta daina nishi.

Kanta ya faɗo a kafaɗata. Na kira ta, ba ta amsa ba. Na girgiza ta. Na sa kunnena a bakinta, amma ƙarar injin da ta ruwa ba su bar ni na ji komai ba. Ban gaya wa Mama ba, don kada ta ɗaga ƙafa daga totur. Na zauna riƙe da 'yata, ban san ko mai rai nake riƙe da ita ba, har na ji tayoyin gaba sun kama tudu, motar ta ja jiki ta fita tana zubar da ruwa. Sai na sa tafin hannuna a cikinta ta ƙarƙashin bargon. Yana ɗagawa, kaɗan-kaɗan, da sauri kamar na ɗan tsako.

Ban gama sauke ajiyar zuciya ba muka iso Kwangila, inda tireloli suke tsayawa. Wata tana ja da baya ta tare rabin titi. Mama ta taka birki, motar ta ci gaba da tafiya kamar ba a taka komai ba. Birkin ya jiƙe. Duk tambayoyin da na yi wata da watanni, babu wanda ya taɓa gaya mini ruwa yana yin haka. Na ga bayan tirelar yana tahowa, jajayen fitilunta suna girma. Mama ta riƙa dukan birkin da ƙafa, ta ja na hannu, motar ta murguɗa ta tsaya a karkace, kusa har ina iya karanta rubutun da ke jikin tirelar. Ƙwai suka zube a baya. Mama ta ja numfashi, ta gyara sitiyari, ta zagaye tirelar, muka nufi Sabon Gari.

A asibiti nas biyu suka karɓe ta daga hannuna suka shige da ita. Aka sa mata abin numfashi a hanci, aka ɗaura ruwa. Likita ya fito ya ce jininta ya yi ƙasa ƙwarai, sai an ƙara mata yanzu, kuma nawa ba zai yi ba. Mama ta miƙa hannunta, ya dube ta ya ce shekarunta sun wuce. Ina tsaye a baranda da takalmi ɗaya, na rasa wanda zan nema a garin nan cikin wannan ruwa, sai ga Alhaji ya shigo da babban ɗansa da wani ƙaninsa. Wandon Alhaji a jiƙe har gwiwa.

"Ina ake gwada jinin?" Abin da ya tambaya ke nan.

Na ƙanin ne ya dace. Da aka shiga da shi na leƙa waje, na ga baƙar motar a bakin ƙofar asibitin, ruwa yana zuba a kanta. Ta iso. Ko ta mutu a kwarin suka tura ta, shi ya sa wandonsa ya jiƙe, ko kuwa ta ratsa lafiya ƙalau, tsakar gidan asibitin ce ta jiƙa shi, ban sani ba. Na so in tambaya, na ji tsoron amsar. In ta ratsa lafiya, to gudun da na yi a filin nan lokaci ne na ɗebe daga numfashin 'yata a banza. Shi ma bai taɓa tayar da zancen ba, sai dai bayan kwanaki ya tare ni a ƙofar gida ya ce, "Malama, wa ya gaya miki sirrin motata?" Na kau da kai. Ya yi murmushi ya ce ya san ko wace ce.

Sai washegari da hantsi yarinyar ta buɗe ido sosai. Ta dube ni, ta dubi robar da ke hannunta, ta shinshina bargon da ke jikinta, ta yamutsa fuska.

"Mama, bargon nan warin kaji yake."

Nas ɗin da ke gyara ruwan ta fashe da dariya. Ni kuwa na fita baranda na zauna a ƙasa, na yi kukan da ban samu yi ba tun jiya.

Mun yi kusan mako biyu a asibitin. Da rani ya shigo maigidan ya dawo, muka sayi mai dogon baya irin ta Mama, wadda ta ɗan fi tata ƙuruciya. Ta yi mana shekaru, ta sha zuwa gareji, makanikenta har ya san muryata a waya. Yarinyar ta gama firamare da sakandare a kujerar bayanta, yanzu tana aiki a Kaduna, tana zuwa ganin likitanta da ƙafarta.